Janye Kuɗin Gwamnati Bai Ceci Ɗan Tayi Ko Ɗaya Ba

Shugaba George W. Bush ya yi shekara biyar da rabi yana mulkin Amurka bai taɓa hawa kujerar naƙi a kan wata doka da majalisa ta aiko masa ba. Kuɗin yaƙi ya zo ya sa hannu, rage haraji ya zo ya sa hannu. Ranar 19 ga Yulin 2006 ya fara cewa a'a, kuma ba a kan Iraƙi ko man fetur ba. A kan ɗan tayin kwana biyar ne, abin da ba a iya tantance shi sai an sa madubin likita. Dokar ta nemi a ba gwamnatin tarayya damar kashe kuɗi wajen binciken ƙwayoyin tushe da ake cirowa daga ragowar 'yan tayin da asibitocin dashen ciki suka ajiye a ƙanƙara. Bush ya tara iyaye da ƙananan yara a fadarsa, yaran da aka haifa daga irin waɗannan ragowar bayan wasu ma'aurata sun karɓa an dasa musu, ya ce wa duniya waɗannan yara ba kayan gyara ba ne.

Majalisar da ta aiko masa dokar, 'yan jam'iyyarsa ta Republican ne ke da rinjaye a cikinta. A majalisar wakilai 238 suka amince, 194 suka ƙi. A ta dattawa 63 da 37. Cikin masu goyon baya akwai Sanata Orrin Hatch na jihar Utah, mutumin da ya yi suna wajen yaƙi da zubar da ciki, akwai Sanata Bill Frist, likitan zuciya kuma jagoran masu rinjaye. A waje kuma ga Nancy Reagan, wadda ta yi shekaru tana jinyar mijinta, tsohon shugaba Ronald Reagan, har ciwon mantuwa ya kai shi kabari a 2004. Saboda haka duk wanda ya ce maka wannan rigima ce tsakanin masu addini da marasa addini, ya rage maka labari. Masu tsoron Allah sun rabu biyu a kanta.

Ni ina ganin Bush ya yi kuskure. Ba don ɗan tayi ba shi da daraja ba; yana da ita, kuma zan dawo kan wannan. Kuskuren shi ne matakin da ya ɗauka bai kare ɗan tayin daga komai ba. Hannun gwamnati kawai ya wanke, ya kuma rufe mata ido.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi sai ya fara rabuwa: biyu, huɗu, takwas. Zuwa kwana na biyar ya zama ɗan dunƙule mai ƙwayoyi ɗari da wani abu, da rami a tsakiyarsa. A gefe guda na ramin akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyi da ba su riga sun zama komai ba, don haka suna iya zama kowane sashe na jiki: jijiya, tsokar zuciya, tantanin ido, ko ƙwayoyin da ke samar wa jiki insulin. Su ne ƙwayoyin tushe. In an ciro su aka ba su abinci a ɗakin bincike, za su yi ta hayayyafa ba iyaka, kamar ɗan kindirmon da Bafulatana ke ragewa ta zuba a sabuwar madara, yau da gobe ba ya ƙarewa. Daga ɗan tayi ɗaya ana samun zuriyar ƙwayoyi da za a rarraba wa ɗakunan bincike a duniya na tsawon shekaru. Amma ba a ciro gungun nan ɗan tayin ya rayu. Wannan ita ce gaskiyar da masu goyon bayan binciken suke son su wuce ta da sauri, kuma bai kamata a bar su su wuce ba.

James Thomson na Jami'ar Wisconsin ne ya fara yin nasarar ciro su daga ɗan tayin mutum, ya wallafa sakamakon a Nuwamban 1998. Ko sisin gwamnatin tarayya bai taɓa ba, da kuɗin wani kamfani mai suna Geron da na wata gidauniyar jami'arsa ya yi aikin. Dalili kuwa, tun 1996 akwai wani sharaɗi da 'yan majalisa biyu, Jay Dickey da Roger Wicker, suka cusa a dokar kasafin lafiya, wanda ya hana kashe kuɗin tarayya a duk binciken da za a ƙirƙiri ɗan tayi ko a lalata shi. Kowace shekara sai an sabunta shi. A 1999 lauyoyin gwamnatin Clinton suka samo mafita: suka ce ƙwayar tushe ba ɗan tayi ba ce, don haka gwamnati ba za ta biya mai fasa ɗan tayin ba, amma tana iya biyan wanda zai yi nazarin abin da aka ciro. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san sunan wannan: hila ce. Kuma a kan wannan hilar Amurka ta gina manufarta a ƙarƙashin shugabannin jam'iyyun biyu.

Bush ya zo ya ƙara wata hilar a kai. Ranar 9 ga Agustan 2001, daga gidan gonarsa da ke Crawford a Teksas, ya yi wa ƙasa jawabi ya ce gwamnati za ta biya kuɗin bincike a kan zuriyoyin ƙwayoyin da aka riga aka samar kafin wannan dare, tunda su an riga an yi abin da aka yi, amma ba za ta biya na sababbi ba. Ya ce akwai irinsu fiye da 60. Da masu bincike suka je karɓa, 21 kacal aka samu masu amfani, su ɗin ma an rene su ne a kan ƙwayoyin ɓera, abin da ya sa likitoci ke ɗar-ɗar da sa su a jikin mutum. Jami'o'i suka shiga wani hali mai ban dariya da ban takaici. Firji da madubin da aka saya da kuɗin tarayya ba a yarda su taɓa sababbin ƙwayoyi ba, sai aka koma manna wa kayan aiki takardun shaida, wasu jami'o'in ma suka gina ɗakunan bincike daban da kuɗin masu ba da gudummawa. Douglas Melton na Harvard, wanda 'ya'yansa biyu ke fama da ciwon suga irin na yara, ya samar da sababbin zuriyoyi 17 da kuɗin da ba na gwamnati ba a 2004, ya riƙa raba wa abokan aikinsa kyauta. A watan Nuwamba na wannan shekarar mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a suka amince jiharsu ta ci bashin dala biliyan 3 don wannan bincike, gwamnansu Arnold Schwarzenegger, ɗan jam'iyyar Bush, yana mara musu baya.

To, 'yan tayi nawa wannan manufa ta ceta? Nan ne maganar take. 'Yan tayin da ake magana a kansu ba don bincike aka yi su ba. Bayan an haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a waje aka dasa wa uwarta, al'adar asibitocin dashen ciki ta zama su haɗa ƙwai da yawa, su dasa kaɗan, su daskarar da sauran ko da na farko bai kama ba. Ma'aurata su samu 'ya'yan da suke so, ragowar ta zauna a tulun ƙanƙara. Wani ƙiyasi da cibiyar RAND ta fitar a 2003 ya ce akwai kusan 400,000 a ajiye a Amurka, kuma waɗanda iyaye suka ware don bincike ba su kai uku cikin ɗari ba. Makomar sauran ba ta wuce huɗu: a dasa wa masu su, a ci gaba da biyan kuɗin ajiya, a ba wasu ma'aurata, ko a narkar a zubar. Yaran da Bush ya tara a fadarsa gaskiya ne, kuma Allah ya raya su, amma irinsu a lokacin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Bush bai kai wa majalisa dokar hana zubar da ragowar ba. Bai nemi a taƙaita yawan ƙwan da asibiti zai haɗa ba. Bai nemi a hana kamfanoni da jami'o'i masu zaman kansu fasa ɗan tayi ba. Ɗan tayin da aka hana shi zuwa ɗakin binciken gwamnati, ko dai ya tafi na kamfani, ko ya tafi kwandon sharar asibiti.

A kwanakin hawa kujerar naƙin, 'yan jarida suka tambayi kakakin fadar, Tony Snow, me ya sa shugaban ya ƙi. Ya ce saboda shugaban yana ganin kisan kai laifi ne. Ba a yi mako ba ya dawo ya janye, ya ce ya wuce gona da iri. Dole ya janye. In kisan kai ne, ba ka cewa ba zan biya ba amma ku je ku yi da kuɗinku. 'Yan sanda kake turawa. In kuwa ba kisan kai ba ne, sai a gaya mana mene ne, a kuma gaya mana me ya sa zubar da shi a kwando ya fi amfani da shi wajen neman magani. Michael Sandel na Harvard, wanda yake cikin kwamitin da Bush da kansa ya naɗa don ba shi shawara kan ɗa'ar kimiyyar halittu, ya sha nuna wannan tufka da warwara.

Akwai hujja ɗaya ta masu adawa da nake ɗauka da nauyi. Suna cewa: mun ji ba za mu iya hana ku ba, amma kada ku tilasta mana biya da harajinmu. Bakatolike da cocinsa ya koyar da shi, a takardun da fadar Fafaroma ta fitar a 1987 da 2008, cewa mutum mutum ne tun daga ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi, yana da haƙƙin ya ji ciwo in an sa guminsa a wannan aiki. Ban raina wannan ciwon ba. Sai dai babu gwamnatin da za ta tsaya da ƙafarta in kowa zai zaɓi inda harajinsa zai je. 'Yan ɗariƙar Quaker sun haramta wa kansu yaƙi, amma da harajinsu aka mamaye Iraƙi a 2003. Cocin Katolikan nan dai yana adawa da hukuncin kisa, amma da harajin mabiyansa aka zartar wa mutum 152 hukuncin kisa a Teksas lokacin da Bush yake gwamna. Ba a taɓa jin ya ce a dakata saboda zuciyar mai biyan haraji ba.

Abin da aka kasa gani shi ne kuɗin gwamnati ba ya tafiya shi kaɗai, da sharuɗɗa yake tafiya. Da Barack Obama ya ɗage takunkumin ranar 9 ga Maris 2009, hukumar binciken lafiya ta ƙasa, NIH, ta fitar da ƙa'idoji: ba za a karɓi zuriyar ƙwayoyi ba sai daga ragowar dashen ciki, sai iyayen sun sa hannu bisa son ransu bayan an yi musu bayani, kuma ba a biya su ko kwabo ba. Aka buɗe rajista, kowace zuriya sai an binciki asalinta kafin a sa ta. Wanda ya ci kuɗin gwamnati dole ya bi waɗannan, dole ya wallafa abin da ya gano, dole ya amsa tambaya in majalisa ta kira shi. Wanda ya ci kuɗin 'yan kasuwa, masu hannun jari yake yi wa bayani. Birtaniya ta fi kowa gane wannan tun da wuri. Kwamitin Mary Warnock ya ba da shawara a 1984 cewa kada a riƙe ɗan tayi a ɗakin bincike fiye da kwana 14, majalisa ta mai da shi doka a 1990, ta kafa hukumar da ba mai taɓa ɗan tayi, na gwamnati ko na kasuwa, sai da lasisinta. Ban yarda da duk abin da Birtaniya ta halatta ba, musamman ƙirƙirar ɗan tayi da gangan don bincike. Amma aƙalla ta tsaya ta kalli abin ido da ido, ta ja iyaka, ta sa mai gadi.

Kada kuma masu goyon baya su ɗauka na wanke su. Sun yi wa marasa lafiya alkawarin da suka san ba za su cika da wuri ba. A watan Oktoban 2004, kwanaki kaɗan bayan rasuwar ɗan fim Christopher Reeve wanda ya shanye bayan faɗuwa daga doki, John Edwards, mai neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa, ya ce in aka zaɓi John Kerry shugaban ƙasa, mutane irin Reeve za su tashi daga keken guragu su yi tafiya. Wannan ba siyasa ba ce, cinikin hawayen mutane ne. An yi ta ambaton ciwon mantuwa saboda sunan Reagan, alhali masana da dama sun faɗa tun a lokacin cewa yana cikin cututtukan da dashen ƙwayoyi zai fi wuyar warkarwa. Kamfanin Geron ya fara gwajin farko a jikin masu raunin laka a 2010, ya tattara ya bari a 2011 don kuɗi sun yi masa kaɗan.

Sannan ga Hwang Woo-suk na Jami'ar Ƙasa ta Seoul, wanda labarinsa ya fi kowane tsaya mini a wuya, domin shi da kuɗin gwamnati ya yi ta'asarsa. A 2004 da 2005 ya wallafa cewa ya samar da ƙwayoyin tushe ta hanyar kwafar halittar mutum. Koriya ta Kudu ta mai da shi gwarzon ƙasa, ta zuba masa kuɗi, har kan sarki aka buga don girmama aikinsa. Sai ga shi ƙarya ce. Ya yi amfani da ƙwan mata fiye da 2,000, wasu an saya, wasu daga ƙananan ma'aikatan ɗakin bincikensa, matan da cin abincinsu ke hannunsa. Masu adawa sun daɗe suna gargaɗin cewa jikin mata zai koma kasuwa, kuma a nan sun yi gaskiya. Darasin da na ɗauka shi ne kuɗin gwamnati ba ya tsarkake kowa in gwamnatin ta zama mai tafi maimakon mai sa ido. Amma a lura da yadda asirin ya tonu: wani shirin talabijin na ƙasar da wasu matasan masana suka bankaɗo, jami'arsa ta kafa kwamiti ta tabbatar a Janairun 2006, kotu ta same shi da laifi a 2009. An iya binsa ne saboda dukiyar jama'a ya ci. Kwatanta da ɗaruruwan asibitocin kuɗi da suka cika Amurka suna tallan allurar ƙwayoyin tushe da suke cirowa daga kitsen mutum. A 2015 mata uku tsofaffi suka biya dala 5,000 kowacce a wani irin wannan wuri a Fulorida, aka yi musu allura a idanu biyu, suka rasa ganinsu ko mafi yawansa.

A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna cewa in aka cusa ƙwayoyin gado huɗu a cikin ƙwayar fatar ɓera, za ta koma baya ta zama kamar ƙwayar tushe. A Nuwamban 2007 ya yi haka da ƙwayar mutum, shi da Thomson kowa a nasa ɗakin, a 2012 kuma ya samu kyautar Nobel tare da John Gurdon. Masu adawa suka ce: kun gani, da ma ba a buƙatar ɗan tayi. Rabin gaskiya ke nan. Yamanaka da kansa ya ba da labarin yadda ya leƙa ɗan tayi a madubi a asibitin wani abokinsa, ya tuna 'ya'yansa mata, ya ji dole a nemi wata hanya. Wato ƙyanƙyamin da masu adawa ke ji ba shirme ba ne, har ya haifar da alheri. Thomson ma ya taɓa cewa duk wanda wannan bincike bai ɗan dame shi ba, bai yi tunani a kansa sosai ba. Amma ta yaya Yamanaka ya san ƙwayoyin gadon da zai gwada? Daga nazarin ƙwayoyin tushen ɗan tayi aka san su. Da me ake auna sabuwar ƙwayar a gane ta yi daidai? Da ta ɗan tayi. Ba a samu hanya ta biyu ba sai da aka bi ta farko.

Sakamako ya zo, amma a makare kuma a hankali. A 2025 aka wallafa gwajin kamfanin Vertex, wanda ya samo asali daga aikin Melton: cikin mutum 12 masu ciwon suga mai tsanani da aka dasa wa ƙwayoyin insulin da aka rena daga ƙwayoyin tushe, 10 sun daina allurar insulin bayan shekara guda, ko da yake sai suna shan magungunan danne garkuwar jiki, masu nasu haɗarin. A shekarar dai aka fitar da sakamakon gwaje-gwajen farko a kan masu ciwon karkarwa na Parkinson, ɗaya a Amurka da Kanada da ƙwayoyin ɗan tayi, ɗaya a Kyoto da irin na Yamanaka. Sun nuna dashen bai yi illa mai tsanani ba, ba su ce an warke ba. Fiye da shekara 25 ke nan daga aikin Thomson. Irin wannan dogon jira ba kamfanin da ke jure shi shi kaɗai, Geron shaida ne, kuma wannan ma hujja ce ta kuɗin gwamnati.

Ranar da aka gwada ɗaukar maganar Bush har ƙarshenta ta zo a Fabrairun 2024. Kotun ƙolin jihar Alabama ta yanke hukuncin cewa ɗan tayin da ke ƙanƙara yaro ne a ƙarƙashin dokar diyyar mutuwar yara. Nan take manyan asibitoci suka dakatar da dashen ciki don tsoron shari'a. Me ya biyo baya? Cikin makonni kaɗan majalisar jihar, wadda 'yan Republican masu adawa da zubar da ciki suka cika, ta yi dokar ba asibitocin kariya, Gwamna Kay Ivey ta sa hannu a watan Maris. Da aka ce su zaɓa tsakanin aƙidar da suke faɗa da matan mazaɓunsu masu neman haihuwa, sun zaɓi matan. Ban zarge su ba. Amma daga ranar ba su da bakin cewa ɗakin bincike ne mahallakar ɗan tayi.

Malaman Musulunci sun kama bakin zaren daga inda ya dace, kuma sun riga Bush. A 1990 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda ta ce a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da ake buƙata don kada a samu ragowa tun farko, in kuma an samu, haramun ne a dasa wa wata mace. Duba nan da kyau: mafitar da Bush ya nuna wa duniya a matsayin mafi tsarki, wato ba wasu ma'aurata ɗan tayin, ita ce malamanmu suka haramta saboda kare nasaba. A Disambar 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe daga jikin baligi da yardarsa, daga mabiyiya da cibiya, da kuma daga ragowar dashen ciki in iyaye sun bayar. Ta haramta zubar da ciki da gangan don a samu ƙwayoyin, ta haramta haɗa ƙwai da maniyyin masu ba da kyauta don wannan manufa, ta haramta kwafar halitta. Mu Musulmin Najeriya mafi yawanmu Malikawa ne, kuma mazhabarmu ta fi sauran tsanani a wannan babi: sharhin Dardir a kan Muhtasar ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba, ba sai an jira kwana 120 na busa rai ba. Sai dai hukuncin a kan abin da ya zauna a mahaifa yake magana, shi kuwa na cikin tulun ƙanƙara bai taɓa shiga mahaifa ba, kuma ba zai zama mutum ba sai an dasa shi. Yana da alfarma, shi ya sa ba a yin sa don wasa ko don sayarwa. Amma ba shi da hukuncin jaririn da ke motsi a ciki.

A kan irin wannan fahimta Iran ta bar cibiyar Royan da ke Tehran ta samar da zuriyarta ta farko a 2003. Jodan kuma ta yi doka a 2014 bayan zama tsakanin likitoci da malamai, kuma abin da ta yi kishiyar na Bush ne: ta hana kamfanoni masu zaman kansu taɓa ƙwayoyin tushen ɗan tayi, ta ce ba mai yin aikin sai cibiyoyin gwamnati da jami'o'in da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. Amurka ta ce abin yana da haɗari, don haka gwamnati ta nisance shi. Jodan ta ce abin yana da haɗari, don haka kada ya fita daga hannun gwamnati. Ni da Jodan nake.

Ba ina cewa Najeriya ta ware biliyoyi don wannan bincike ba ne. Ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar yara 150,000 masu sikila a cikinta kowace shekara tana da inda ya fi cancanta ta sa kuɗinta: gwajin jini kafin aure, gwajin jarirai, da dashen ɓargo, wanda shi ma da ƙwayoyin tushe ake yi amma na jinin mai rai, ba wanda ke jayayya a kan halaccinsa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi irin wannan dashe tun 2011, amma har yau iyalai ƙalilan ne ke iya biya. Sabon maganin sikila na gyaran ƙwayar gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, dala miliyan 2.2 aka sa kuɗinsa ga mutum ɗaya a Amurka. Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne asibitocin dashen ciki suna ƙaruwa a Legas da Abuja da sauran manyan birane, 'yan'uwanmu mata da gorin rashin haihuwa ya isa suna zuwa, kuma kowane irin wannan asibiti yana tara ragowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 50, ta hana kwafar halitta da shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasa, amma ba ta tsara yawan ƙwan da za a haɗa ba, ko tsawon ajiya, ko abin da za a yi da shi in miji ya rasu ko aure ya mutu. Mutanen Kano kuwa ba sa buƙatar a koya musu abin da ke faruwa in bincike ya gudana ba mai sa ido. Suna tune da gwajin maganin Trovan a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, shari'ar da ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 tsakanin kamfanin Pfizer da gwamnatin jihar a 2009, kamfanin bai amsa laifi ba.

Kirana ga kwamitocin lafiya na Majalisar Tarayya shi ne su yi dokar dashen ciki cikakkiya: a taƙaita yawan ƙwan da ake haɗawa, a yi rajistar duk abin da ke ajiye, a haramta saye da sayar da shi, kada a taɓa ragowa sai da rubutacciyar yardar miji da mata, kuma in har za a yi bincike da ita, a yi shi a asibitocin koyarwa na gwamnati inda za a iya tuhumar mai yi. Malamanmu da shugabannin coci kuma su nemi a sa su a zaman tun daga farko, su je asibitocin su ga tulunan da idonsu kafin su yi magana.